An ci zarafin yaro a ƙauyenmu: wa za a gaya wa, kuma me doka ta ce?

Waɗannan tambayoyi ne da aka sha yi mini a zaure, ko a bakin asibiti, ko ta waya bayan isha'i lokacin da mai tambayar ya tabbata gida ya yi barci. Kusan dukkansu daga ƙauyukan Kano da Jigawa suka fito, kuma na bar su yadda aka yi su. A iya abin da na gani, ba kasafai shari'ar yaro take mutuwa a gaban alƙali ba. A tsakar gida take mutuwa, cikin kwana biyu ko uku na farko, lokacin da ake wanke tufafi ana cewa a rufa asiri. Bayanin nan na gaba ɗaya ne. In magana ta kai kotu, a nemi lauya.

Ana cewa dokar kare yara ta mutanen Abuja ce. Mu ta shafe mu?

Da can akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Dokar 'Yancin Yara da Majalisar Tarayya ta yi a 2003 ba ta hawa kan jiha sai majalisar jihar ta yi tata, kuma jihohinmu sun daɗe ba su yi ba saboda taƙaddama a kan wasu sassa, musamman shekarun aure. Daga baya aka daidaita. Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu a Dokar Kare Yara ta Jigawa a Disambar 2021. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa wa ta Kano hannu a Mayun 2023, ana saura kwanaki ya sauka.

Ko kafin nan ma ba gona ba ce babu shinge. Kundin Pinal Kod, wanda Arewa ke aiki da shi tun 1960, ya hana azabtar da yaro, da jefar da shi, da fyaɗe. Ga kuma kundin laifuka na Shari'ar Musulunci da jihohin biyu suka kafa a 2000.

Duka ai tarbiyya ce. Ina iyakarsa?

Doka ba ta hana uba ko malami horon yaro ba. Sashe na 55 na Pinal Kod ya yarda da shi, amma da sharaɗi: kada ya kai ga mummunan rauni, kada ya wuce kima idan aka dubi shekarun yaron da lafiyarsa, kuma ba a horon wanda ƙuruciya ta hana shi gane dalilin horon. Mummunan rauni a kundin ya haɗa da karaya, da gocewar ƙashi, da fitar haƙori, da lalata ido ko kunne, da ciwon da zai jefa rai cikin haɗari ko ya kwantar da mutum kwana 20. Sashe na 238 kuma ya mayar da shi laifi ga duk mai riƙon yaron da bai kai shekara 15 ba ya gallaza masa ko ya yi watsi da shi da gangan har ya wahala.

Saboda haka tsumagiya biyu a ƙafa daban, tura hannun yarinya a garwashi don ta ɗauki tsokar nama daban. Ɗaure yaro a turken awaki, sa masa barkono a ido ko a gaba, kulle shi kwana da kwanaki babu abinci, babu wanda zai kira wannan tarbiyya a gaban alƙali ya tsira. Malaman fiƙihu ma da suka halatta duka, cewa suka yi wanda ba ya barin rauni, kuma ban da fuska.

Gidan da babu abinci fa? Shi ma sakaci ne?

A'a. Talauci ba laifi ba ne, kuma kalmar da doka ta riƙe ita ce ganganci. Gidan da kowa ya kwana da yunwa taimako yake buƙata. Gidan da 'ya'yan ɗaki ɗaya suka ƙoshi, maraya ko agola ko 'yar riƙo tana lasar tukunya, shi ne abin dubawa. Haka uban da ya sayar da amfanin gona ya ƙara aure, yaro na kwance da zazzaɓi mako guda ba a kai shi ko asibitin sha-ka-tafi ba.

Ni maƙwabciya ce kawai, ba dangi ba. Ina da hurumin kai ƙara?

Kina da shi. Kowa na iya sanar da hukuma laifi, ba sai uwa ko uba ba, kuma ba sai kin zo da cikakkiyar hujja ba, domin bincike aikin hukuma ne. Naki shi ne ki faɗi abin da idonki ya gani da abin da kunnenki ya ji, da rana da lokaci. A Amurka doka ce ta wajabta wa malaman makaranta da likitoci su kai rahoto da zarar sun yi zargi. Mu a nan tun kafin doka muna cewa ɗa na kowa ne, sai dai mun fi tuna karin maganar idan za mu aiki yaron kasuwa.

Idan kina tsoron a san ke ce, ki gaya wa jami'in tun farko, ko ki bi ta hannun ma'aikaciyar lafiya ko shugaban makaranta. Ba zan yi miki alƙawarin sirri zai riƙe a ƙauyen da kowa ya san takun kowa ba, kuma idan ke kaɗai kika gani, wataƙila a nemi ki ba da shaida.

Wa zan fara gaya wa: mai unguwa, Hisbah, ko 'yan sanda?

Ya danganta da nauyin abin. Idan sakaci ne, ko duka da ya fara wuce gona da iri amma bai kai ga rauni ba, mai unguwa ko bulama da liman su ne kusa, kuma sau da yawa jan kunnensu ya fi sammaci aiki. Ka same shi shi kaɗai, ka ce, "Ranka ya daɗe, akwai abin da na gani a gidan wane, ina tsoron kada ya kai ga rai." Daga nan sai ofishin walwalar jama'a na sakatariyar ƙaramar hukuma, wanda yake da alaƙa da Ma'aikatar Harkokin Mata ta jiha. Hisbah ma tana shiga maganar ciyarwa da rikicin riƙo.

Amma idan fyaɗe ne, ko luwaɗi, ko rauni mai tsanani, ko yaro ya ɓata, ko ya mutu ta hanyar da ba a gane ba, to wannan ya wuce zaure. Asibiti, sannan caji ofis. A sanar da mai unguwa da dagaci don girmamawa da neman goyon baya, amma ba su da ikon yanke hukunci a kan babban laifi, hakimi ma haka. Hisbah idan ta kama irin wannan, 'yan sanda take miƙa wa. Inda akwai sabis, lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

An yi wa yarinya fyaɗe jiya da yamma. Me za mu yi yanzu?

A tashi a tafi asibiti yau, ko da acaɓa ne. Kada a jira mai gida ya dawo daga ci-rani, kada a jira dangi su taru.

Dalili na farko lafiyarta ce. Akwai maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau, amma sai an fara shi cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon ƙarfinsa. Ana shan sa kwana 28. Idan ta fara al'ada, akwai maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa, wanda ba ya wuce kwana 5. Ga maganin cututtukan sanyi, ga ɗinki idan an ji mata rauni.

Dalili na biyu shaida ce, kuma a nan ne iyaye mata suke yin kuskure cikin ƙauna. Abin da uwa ke fara yi shi ne ta dafa ruwa ta gasa 'yarta, ta wanke zanen, wani lokaci ta ƙone shi don kada ta ƙara ganin sa. Babu mai zarginta. Sai dai abin da ta wanke ɗin shi ne abin da likita zai rubuta. Idan da hali, kada a yi mata wanka kafin a duba ta. Kayan da ke jikinta a lokacin, har da ɗan kamfai, a naɗe su a takarda ko tsumma mai tsabta, ban da leda, domin leda na riƙe danshi. Idan an riga an yi wankan, a tafi duk da haka. Idan kwana uku sun wuce, a tafi duk da haka.

A Kano akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala, a Jigawa akwai irinta a Babban Asibitin Dutse, an kafa su musamman domin waɗanda aka yi wa fyaɗe, kuma kyauta suke duba mutum. Wanda yake nesa, a Gwaram ko Maigatari ko Doguwa, ya fara da babban asibitin da ya fi kusa. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ma'aikacin lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, don haka rashin takardar 'yan sanda ba hujjar kora ba ce. A tabbata an buɗe kati, likita ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a gaya masa komai.

Duk wannan ya shafi yaro namiji. Kunyar tasu ta fi ma yawa, shi ya sa ba a cika kawo su ba sai ciwo ya ci ƙarfinsu.

Yaya zan tambayi yaron?

Mutum ɗaya, wanda yaron ya yarda da shi, a wuri mara jama'a. "'Yata, gaya mini abin da ya faru, ba zan dake ki ba, ba laifinki ba ne." Sai a yi shiru a saurara. Kada a sa mata suna a baki, irin "Wane ne ko? Ai na san shi ne." Kada a tara gwaggo da inna da kaka kowa ta sake tambaya, domin labarin yaro yana sauyawa idan ya ga fuskokin manya suna sauyawa, kuma lauyan wanda ake tuhuma wannan saɓanin yake nema. Wanda ya iya rubutu, boko ko ajami, ya rubuta kalmominta yadda ta faɗe su.

Bayan an kai caji ofis, me ke biyo baya?

Za a rubuta ƙorafin, a ba wani jami'i binciken, a ɗauki bayanin mai ƙara da yaron da shaidu, a je wurin da abin ya faru, a karɓi rahoton likita. Yaro ya yi bayani tare da babban da ya yarda da shi, ba a gaban wanda ake zargi ba. Manyan laifuka DPO, wato shugaban caji ofis, kan tura su sashen binciken manyan laifuka na jiha, a Bompai ta Kano ko a Dutse.

Tsarin Mulki, a sashe na 35, ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Galibi majistare ake fara kai shi, a tsare shi a gidan gyaran hali, a aika fayil Ma'aikatar Shari'a domin lauyoyin gwamnati su ba da shawara ko akwai hujjar gurfanarwa. Idan akwai, sai Babbar Kotu. A wannan gaɓar ta jiran shawara ne iyaye da yawa suke gajiya, su ɗauka an cinye maganar. Wata da watanni na iya wucewa. Kuma idan kuka ga mutumin ya dawo gari, ku bincika: beli ba sallama ba ce, shari'a na nan.

Maganar yaro ƙarami tana zama shaida?

Tana zama. Sashe na 209 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce yaron da bai kai shekara 14 ba zai ba da shaida ba tare da rantsuwa ba, idan kotu ta gamsu yana da wayo kuma ya san muhimmancin faɗin gaskiya. Sai dai sashen ya ƙara da cewa ba za a hukunta mutum da wannan shaidar kaɗai ba, sai an sami wata hujja da ta ƙarfafa ta. Wannan hujjar ita ce rahoton likita, da zanen da ba a wanke ba, da maƙwabcin da ya ga an ja ta zuwa kango. Kotu kuma tana da ikon fitar da 'yan kallo idan yaro zai yi magana. Sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ba da wannan dama saboda waɗanda ba su kai 18 ba.

Wanda ya yi ɗan'uwa ne. Dangi sun ce a yi sulhu, za su biya kuɗin magani. Laifi ne mu karɓa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zuwa, kuma ita ce na fi jin nauyin amsawa, domin na san mai yin ta gobe da waɗannan dangin zai yi jana'iza da suna.

A doka, fyaɗe laifi ne tsakanin mai laifi da gwamnati. Ba ya cikin laifukan da ake sasantawa, kuma uban yarinya ba shi da ikon yafe shi. Wanda Tsarin Mulki ya ba ikon dakatar da shari'ar laifi, a sashe na 211, shi ne Antoni Janar na jiha. Ɓoye mai laifi, ko lalata shaida, ko karɓar wani abu domin a kare shi daga hukunci, kowanne laifi ne mai zaman kansa a Pinal Kod. Nauyin abin kuma ba ƙarami ba ne: a ƙarshen 2021 Ma'aikatar Shari'a ta Jigawa ta bayyana cewa sabuwar dokar jihar ta tanadi hukuncin kisa ga wanda ya yi wa yaron da bai kai shekara 10 ba fyaɗe. Zancen "ai da yardarta" ma ba ya tashi. Sashe na 282 na Pinal Kod bai san yardar yarinyar da ba ta kai 14 ba.

Na taɓa zama a wani zaure da aka yi irin wannan sulhu. An kawo kuɗi a ƙulle, an yi fatiha, kowa ya ce Allah ya rufa asiri. Yarinyar tana cikin gida, ba wanda ya tambaye ta. Da aka watse na lura asirin mutum ɗaya ne ya rufu, domin duk garin ya riga ya san sunanta, shi kuwa washegari yana majalisa ana shan shayi da shi, a kan hanyar da 'yan talla ke bi. Wasu har cewa suke a ɗaura musu aure. Aure ba ya goge laifin da aka yi kafinsa, kuma ban san wani abu da ya kai wannan zalunci ba.

Gyara zumunci tsakanin gidaje biyu abu ne mai kyau, a yi shi. Kuɗin magani ma kotu na iya sa mai laifi ya biya. Abin da ba a saye da shi shi ne janye shaida.

Idan ba a tabbatar ba, ba za a kama ni da ƙazafi ba?

Wanda ya kai zargi ga hukumar da ta dace, da kyakkyawar niyya, yana faɗin abin da ya sani, doka ta bambanta shi da mai ɓata suna. Haɗarin yana kan wanda ya bi majalisa da gidan biki yana kiran suna, da wanda ya ƙirƙiri ƙarya don gabar gona ko kishi. Ba wa hukuma labarin ƙarya da gangan laifi ne. Ka ce "na ga ya shiga da ita shago, ta fito tana kuka." Kada ka ƙara abin da ba ka gani ba.

In ɗora hoton yaron a Facebook don a taimaka?

Kada ka yi. Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ta hana bayyana sunan yaro ko abin da zai sa a gane shi a shari'ar da ta shafe shi. Hoton zai daɗe bayan ciwon ya warke, ranar da za a zo neman aurenta yana nan. Ka ɗauki hoton raunin, ka nuna wa likita da mai bincike.

Za a ƙwace yaron a kai shi gidan marayu?

Ba shi ne matakin farko ba. Idan rayuwar yaro na cikin haɗari, hukuma na iya ɗauke shi na ɗan lokaci, amma kotu ce ke yanke inda zai zauna, kuma dangi ake fara dubawa. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, reno haƙƙin uwa ne ko da aure ya mutu, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Bayan uwa sai kakar wajen uwa. Ciyarwa kuma tana kan uba duk inda yaron yake. Yara da yawa da ke shan wuya a hannun matar uba, uwarsu na raye a ƙauyen gaba, ba ta san tana iya zuwa kotun Musulunci ta nemi riƙonsu ba. Gidajen gwamnati, irin gidan yara na Nassarawa a Kano, na wanda ba a sami kowa nasa ba ne.

Almajirai fa, da 'yan aikatau?

Dokar da ta hau kan uba ta hau kan alaramma da gardi, domin yaron a hannunsu yake. Bayan samamen da aka kai wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, inda aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa, babu mai cewa bai san matsayin hukuma a kan mari ba. Uban da ya kai ɗansa tsangaya bai sauke nauyinsa ba. Ya riƙa zuwa, ya kuma ga yaron shi kaɗai. "Allah gafarta Malam, zan ɗan fita da shi mu gaisa" ba rashin ladabi ba ne.

Aikatau kuwa, dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, kuma ta hana gallaza wa wanda ya wuce hakan. Hukumar NAPTIP ce ke bin wannan, tana da ofishi a Kano. Uwar da ta ba dillaliya 'yarta, ba ta san gidan ba, ba ta da lambar uwar ɗakin, sai kuɗin wata da ke zuwa, ta nemi a kai ta ta gani da idonta.

Idan wanda ya aikata shi ma yaro ne?

A Pinal Kod, wanda bai kai shekara 7 ba ba a kama shi da laifi. Daga 7 zuwa 12 sai an duba ko hankalinsa ya kai ya gane abin da ya yi. Wanda ya wuce haka ana yi masa shari'a a matsayin yaro, ba a haɗa shi da manya a tsare. Kano na da gidan tsare yara a Goron Dutse. A kuma bincika a ina ya koya, domin sau da yawa akwai babba a bayan labarin.

Mun kai ƙara, an ce mu kawo kuɗin mai, daga nan shiru. Sai mu haƙura?

Shigar da ƙorafi wurin 'yan sanda ba a biyan sa. Idan aka yi biris da ku, akwai na gaba: kwamandan shiyya, sannan kwamishinan 'yan sanda. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da Ma'aikatar Shari'a kanta, kuma ana iya kai ƙara kai tsaye gaban majistare. Takarda a rubuce ta fi zuwa da baki. A yi kwafi biyu, a sa a buga hatimin karɓa a kan ɗaya, a dawo da ita gida.

Ku sayi ƙaramin littafi tun ranar farko. A rubuta ranar da abin ya faru, da lambar katin asibiti, da sunan jami'in da ke binciken, da lambar fayil, da kotun da aka kai, da ranar da aka ɗage zama. Ku ware mutum ɗaya a dangi wanda aikinsa bin maganar ne, a riƙa haɗa masa kuɗin mota, da na shaidun da za su je ranar zama.